Yadda Ake Tattalin Ruwa a Gida: Daga Jarkar Ɗan Ga-ruwa Zuwa Ruwan Indararo

Shekarar da na tare a gidanmu na wajen Ƙofar Marusa, kura guda muke shanyewa kullum, mai jarka goma sha biyu, mu bakwai a gidan har da surukata. Duk da haka kafin la'asar sai ki ji ana karkata jarka ana neman na alwala. Ran nan Hajiya, surukar tawa, ta tsaya a kaina ina wanke-wanke, ta bi ruwan da ke gangarawa rariya da kallo, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ruwan da kika kora ai bai gama aikinsa ba." A hannunta na koyi yawancin abin da zan faɗa miki. Yau jarka takwas ke isar mu, kuma ba wanda ya rage wanka ko wanki. Da damina kuwa mukan yi mako ɗan ga-ruwa bai ga ƙofar gidanmu ba.

Kin san yanayin garinmu, 'yar'uwa. Ruwan sama wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin sai ƙura da rana. Katsina ta faɗaɗa, ruwan da ke zuwa daga madatsar Ajiwa ba kowace unguwa yake kaiwa ba. Burtsatse kuma sai da wuta ko mai, kuma duk ma'ajiya ɗaya muke zuƙa a ƙarƙashin ƙasa: in makwabci ya bar tankinsa na ambaliya, rijiyarki ce ke ja da baya. Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, igiyar guga sai an yi mata ƙari, kuɗin jarka ya hau, yara su makara makaranta a layin ɗiban ruwa. Mutanen Daura har yau suna nuna wa baƙi rijiyar Kusugu, wadda labari ya ce ran Juma'a kaɗai maciji ke bari a ɗebi ruwa a cikinta. Gidan da ya yi mako da ɗiban rana ɗaya dole ya san darajar kowace moɗa.

Kayan da za ki tanada

Bokiti biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan da aka yi aiki da shi. Su bambanta a launi, don ko yaro ya gane. Roba ko baho uku na wanke-wanke. Moɗa ko kofi mai hannu. Buta. Randa mai faifai ko murfi. Gorar roba mai lita ɗaya da rabi guda biyu ko uku. Alli ko gawayi na yin alama. Don gyaran famfo: washa, wato 'yar robar da ke cikin kan famfo, farin tef da sifana. Don ruwan sama: duro mai cin lita 200 ko tankin roba, bututun tare ruwa na bakin kwano, guntun tsohon gidan sauro, farin ƙyalle mai tsabta, igiya ko robar taya, da bulo huɗu zuwa shida. Sai alif da maganin tsabtace ruwa na kulorin da ake sayarwa a kemis.

Ba sai kin haɗa su duka ba kafin ki fara. Matakai huɗu na farko ba sa cin ko kwabo in ban da kuɗin washa da ɗan gyaran famfo.

1. Ki fara sanin inda ruwanki ke tafiya

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne kan gaba. Ki ɗauki kwana uku, kada ki canza komai a yadda kuke yi, ki dai riƙa yin zane da gawayi a jikin bango. Layi ɗaya na girki da sha, ɗaya na wanke-wanke, ɗaya na wanka da alwala, ɗaya na wanki, ɗaya na bayi da share-share. Duk bokitin da aka ɗiba, a ja masa sanda a layinsa. Ki duba jikin jarkarku ki ga mai lita 20 ce ko 25, sannan ki auna jarka guda bokiti nawa take ba ki.

Da na yi nawa, na ɗauka girki ne ke cinye mana ruwa. Ashe girki da sha ko jarka biyu ba su kai ba. Wanki da wanka da bayi ne suka kwashe fiye da rabi. In ba ki auna ba, za ki yi ta takura wa yara a kan kofin sha, alhali ɓarnar tana can bayan ɗaki.

Abu ɗaya tun yanzu: ba a tattali a kan ruwan sha, ba a yi a kan wanke hannu bayan an fito bayi da kafin a ci abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishe shi sha da girki da 'yar tsabta. In lissafinki ya nuna kuna ƙasa da haka, ke ƙari kike buƙata, sai ki wuce kai tsaye mataki na 5.

2. Ki toshe yoyo

Ki bi gidan kaf da safe kafin a fara hidima. Famfon da ke ɗiga, ki tara masa gorar lita ɗaya da rabi ki duba agogo. Na tsakar gidanmu awa biyu ya cika ta, wato lita 18 a kwana ɗaya, kusan jarka guda, ana biya ana zubarwa ba wanda ya sha. Maganinsa yawanci washa ce ta cinye. A rufe ruwa daga tushe, a kwance kan famfon da sifana, a cire tsohuwar a sa sabuwa daidai girmanta. In daga wajen haɗi yake tsiyaya, a kwance, a naɗa farin tef zagaye shida ko bakwai ta ɓangaren da ake ɗaurewa, a mayar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne murɗe famfo da ƙarfin tsiya don ya daina ɗiga. Hakan ke ƙarasa kashe washar. In babu washa a kusa, a yanko daga tsohuwar robar taya, za ta riƙe kafin a samo.

Masu bayi na zamani, ku ɗiga ɗan bulun wanki a cikin tankin, kada kowa ya ja ruwa har minti ashirin. In launin ya bayyana a cikin masai, robar ƙasan tankin ba ta rufewa, ruwa na sulalewa dare da rana ba a ji. A kira mai gyaran famfo ya canza ta. Tsofaffin tankunan nan kuma suna sakin wajen lita tara a ja ɗaya. Ki cika gora da yashi da ruwa, ki rufe ta tam, ki tsayar da ita a lungun tankin inda ba za ta taɓa ƙwallon da ke rufe ruwa in tankin ya cika ba. Kowane ja kin rage lita ɗaya da rabi.

Masu burtsatse, babu abin da ke sosa mini rai kamar in ga tanki na tsiyaya daga sama har ya yi kwata a titi, ga yara da jarkoki suna wucewa. A sa wa tankin ƙwallon da ke rufe ruwa in ya cika, ko a auna minti nawa injin ke ɗauka ya cika shi, a riƙa saita ƙararrawar waya.

Jarka mai tsaga da randa mai tsiyaya ma yoyo ne. Ki dubi ƙasan kowacce. Randa takan yi gumi, shi ke sanyaya ruwan, amma in ƙarƙashinta ya zama taɓo, ta tsage.

3. Ki canza yadda hannu ke ɗiba

Wanke-wanke. Kafin kwano ya ga ruwa, a kankare sauran abinci a ba kaji ko awaki. Tukunyar miya mai maiƙo a goge ta da toka ko dusa tukuna. Sannan a jera roba uku: ta farko ruwan omo, ta biyu ɗauraya, ta uku ɗauraya ta ƙarshe. A fara da kofuna da cokula, sai faranti, tukwane su zo a ƙarshe. In ruwan farko ya yi baƙi a kawar da shi, ta biyu ta koma ta farko a zuba mata omo, ta uku ta koma ta biyu, sabon ruwa a roba ɗaya kawai za a zuba. Kada ki cika omo. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba, ɗauraya kawai yake ƙara miki.

Wanki. Ki tara shi zuwa kwana biyu a mako, ba kullum ana sa riga ɗaya a baho ba. Ki jiƙa kayan kamar rabin awa kafin ki fara cuɗa. Farare su fara shiga, sai masu launi, sai kayan wasan yara, tsummoki a ƙarshe, duk a ruwan kumfa ɗaya. Ki matse kaya sosai kafin ki jefa su ruwan ɗauraya, don kumfar da kika bari a jikinsu ita ke ɓata ruwan. Atamfa mai zuba dai a ware ta, kada garin tattali farin yadin maigida ya koma ruwan hoda.

Wanka. Bokiti da kofi, a jiƙa jiki, a ajiye kofi, a saɓa, sannan a ɗauraye. Babba bokiti ɗaya ya ishe shi. Yara ƙanana a tsayar da su cikin baho, ruwan ya taru a nan.

Alwala. A buta ake yi, ba a bakin famfo yana zuba ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, kuma mudun nan bai kai lita guda ba. Da na gaya wa yaranmu haka, na auna musu a gora suka gani da idonsu, babban ya ce, "Umma, wannan ai ko hannu ba zai wanke ba." Ya gwada, ya gama har da ragowa. Goge baki ma kofi ɗaya ne.

4. Ruwa ɗaya, aiki biyu ko uku

Nan ne maganar Hajiya take. Bokitin nan na biyu shi ne ma'ajiyar ruwan da ya yi aikin farko yana jiran na biyu, kuma kowane iri da inda ya dace da shi.

Ruwan wankin shinkafa, na wake, na ganye da na tumatir ba shi da sabulu, shuka ke so. Ruwan tsari, in an yi surfe an wanke hatsi, na awaki da tumaki ne, iyayenmu ba su taɓa zubar da shi ba. Ruwan alwala a sa baho a wajen da ake yi, da yamma a kai wa zogale. Ruwan ɗaurayar wanki na ƙarshe, da shi za ki jiƙa kashi na gaba, ko ki goge daɓe, ko a wanke babur. Ruwan kumfa mai datti da na wankan yara su tafi bayi, a kora masai, a wanke daɓen makewayi. Abin da ya rage a yayyafa a tsakar gida kafin shara, ƙura ta kwanta.

Ga inda ake kuskure. Irin wannan ruwan ba ya kwana biyu. In ya wuce yini da dare zai yi wari, ya tara ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka wanke kashin jariri ko kayan mai gudawa, masai kai tsaye, ba shuka ba tsakar gida. Ruwan da ke da bilic yana ƙona shuka. Ruwan omo kada ya taɓa latas, alayyafo ko duk ganyen da za a ci. In za a ba bishiya babba irin bedi, wato darbejiya, a zuba a gindinta, kuma ba kullum ba, don gishirin omo na taruwa a ƙasa. Sannan kada kofin randa ya kusanci wannan bokitin ko da wasa.

In kina da 'yar shuka a gida, ki ba ta ruwa bayan la'asar sakaliya ko da sassafe, ki rufe gindinta da ƙaiƙayi ko busasshen ganye. Dabarar da ta fi mini ita ce tulu: a binne tulun ƙasa har wuya kusa da gindin zogale ko barkono, a cika shi a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali kai tsaye ga saiwa, rana ba ta samun rabonta. Nawa sau biyu a mako nake cika shi, ko da bazara.

5. Ki tare ruwan sama

Mutane da yawa na raina abin da kwano ke tarawa, don haka bari mu yi lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ke nan. Rufin ɗaki biyu da falo ya kai kamar murabba'in mita 50. In aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, lita 1,000 ta sauka a kansa. Ki cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama da wanda za a zubar, saura lita 800: duro huɗu, jarka 32 masu lita 25, a dare ɗaya. Katsina kan samu wajen milimita 600 a damina, wata shekarar ya fi, wata ya gaza. A wannan rufin, kusan kura 80 ke nan ke bi ta rariya kowace shekara. Ba za ki iya adana shi duka ba, amma ko duro biyu kika riƙa cikawa, wankinki da bayinki na damina sun fita daga lissafin kuɗi.

Aikin a watan Mayu ake fara shi, kafin hadari ya fara haɗuwa. Maigida ko wani saurayi ya hau ya share kwanon, ya kwashe ganye da kashin tantabaru, a sare reshen da ya rufa a kai. Ya lura da wayar wuta, kuma ba a hawa kwano in ana walƙiya ko yana jiƙe. Sai a kira kafinta ko mai walda ya kafa bututun tare ruwa a bakin kwanon, ya ɗan karkata shi zuwa ɓangaren da duro zai zauna, kamar faɗin yatsa ɗaya a kowace mita. In ya kwanta daidai, ruwa zai kwana a ciki ya tara sauro. In kuɗin bututu bai samu ba, a samu tsohon fallen kwano a lanƙwasa shi kamar kwami, a ɗaure da waya. In shi ma babu, a jera robobi da bahuna inda ruwan ya fi zuba, musamman kusurwar da kwano biyu suka haɗu, a riƙa juyewa a duro.

Duron a ɗora shi kan bulo a wuri mai tauri da ya daidaita. Cikakken duro kilo 200 ne, tankin lita 1,000 kuwa tan guda, in ƙasa ta jiƙa ta lotsa zai kife. A ɗaure bakinsa da gidan sauro ninki biyu, a ɗora farin ƙyalle a sama, a zagaye da robar taya. A yi wa rarar ruwa hanya ta yi nesa da gindin katanga, balle ta ƙasa. Makwabtanmu sun yi asarar katanga a watan Agusta saboda duro da ya yi ta ambaliya a gindinta.

Ki kula da asalin duron. Wanda aka zuba maganin feshi, baƙin mai, fenti ko wani sinadari, ko an wanke shi sau goma ba na ruwan gida ba ne. Ki nemi wanda ya ɗauko kayan abinci, ko ki daure ki sayi sabo. Tanki mai duhun launi ya fi fari, don haske ba ya shiga balle gansakuka ta fito.

Ruwan farko na shekara, da na biyu, ba a tarawa don amfanin ciki. Ƙurar hunturu ta wata da watanni, kashin ƙadangare da na tsuntsu duk suna cikinsa. A bar shi ya wanke rufin, ko a tara a ba bishiya. Bayan haka ma, duk ran da aka yi ruwa bayan an kwana biyu ba a yi ba, a kawar da bakin bututun na minti biyar zuwa goma na farko. Ni nakan tari kaɗan a farin kofi, in na ga ya fito garau sannan in mayar da bututun kan duro.

Masu soron ƙasa, ruwan indararonku ja ne, amma ba na yarwa ba ne. A tara shi, a bar shi ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama don bayi, shuka da yayyafi. Da ɗan alif har wanki yana yi.

Da an ɗauke ruwa a rufe duron da murfi mai nauyi, a ɗora dutse. Dalili biyu ne. Sauro cikin kwana bakwai zuwa goma yake tashi daga ƙwai zuwa mai cizo, kuma damina ce lokacin zazzaɓi. Na biyun ya fi tsanani: yaro mai rarrafe ko mai tatata in ya leƙa duro ko babban baho ya faɗa da ka, ba ya iya fitowa, ba kuma a jin motsinsa. Ko bokitin da ke da ruwa rabi kada a bar shi a buɗe inda yaro ke wasa.

6. In za a sha

Ruwan kwano ya fi dacewa da wanki, wanka da wanke-wanke, ga shi yana kumfa da sabulu kaɗan fiye da na rijiya. In kuma dole sai an sha, ko shi ko na ɗan ga-ruwa da ba ki san inda aka ɗebo ba, sai an bi da shi. In yana da gurɓi, ki ɗaure ɗan gutsuren alif a tsumma mai tsabta ki zagaya shi cikin bokitin sau kaɗan ki cire, ki bar ruwan awa ɗaya ko biyu, dattin zai kwanta. Ba a jefa alif a bar shi a ciki, ruwan zai yi bauri. In babu alif, a ɓare busasshen ƙwayar zogale ɗaya ko biyu ga kowace lita, a daka lukui, a dama a juya sosai, a bar shi ya kwanta. Sai a tsiyaye a tace da farin ƙyalle.

Ki riƙe wannan da kyau: alif da zogale kwantar da datti suke yi, ba sa kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Bayan an tace, ko dai a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a rufe, a jira minti talatin. Wanda aka gyara da zogale a sha shi a ranar, ba ya son ajiya.

Sannan a juye a randa. Randar a wanke ta duk mako, a ɗora ta kan yashi mai danshi a inuwa, a rufe da faifai. Moɗarta mai dogon hannu ce, a rataye ta a ƙusa sama da ƙasa, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kafa mata baki. Ragowar ruwan da aka wanke randar ma bokiti na biyu zai tafi.

7. Ki sa mutanen gida a ciki, ki sake aunawa

In ke kaɗai ke yi, za ki gaji cikin mako guda. Ki raba aiki: wannan yaron shi ke kai ruwan alwala gindin zogale, waccan ita ke duba murfin duro kafin a kwanta, maigida nasa famfo da kwano. Baƙi da 'yan aiki a nuna musu bokitan nan biyu tun ranar farko, da daɗin baki. Bayan mako biyu ki koma bangon nan da gawayinki, ki sake yin zanen kwana uku a gefen na farko. Layin da bai ragu ba, nan za ki koma ki duba.

A ƙarshen Satumba, in kin ga hadari ya fara ja da baya, ki cika duk abin da kike da shi da ruwan ƙarshe, ki rufe tam, ki ajiye shi don wanki. Da ya ƙare a wanke duron, a kife shi ya bushe, a kwance gidan sauron a wanke a adana. Bututun kuma a sauke shi ko a ƙara ɗaure shi, don iskar farkon damina mai zuwa takan fizge wanda aka bari sakwa-sakwa.